Sona Lokaci Take Aunawa

Ƙannena masu sha'awar aikin zana taswirar ƙasan teku, akwai abin da na so a ce na riƙe tun farko: na'urar sona ba ta ganin ƙasa. Amo take harbawa cikin ruwa, ta saurari dawowarsa, ta rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka. Sauti yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan teku, don haka idan amon ya dawo bayan daƙiƙa 2, zurfin wurin wajen mita 1,500 ke nan, tunda zuwa da dawowa ya yi. Kafin lokaci ya zama zurfi sai an yi lissafi, kuma mutum ne ke ba lissafin alƙaluman da zai yi aiki da su. A nan na tabka kurakuran da suka fi ci mini rai.

Wannan 1,500 ɗin kintace ne kawai. Ɗumin ruwa, yawan gishirinsa da nauyin ruwan da ke sama duk suna canza gudun sauti. Ƙarin ɗumi na digiri ɗaya kaɗai yana ƙara masa mita uku zuwa huɗu a daƙiƙa. Shi ya sa ake tsayar da jirgi a zura ma'auni da igiya har ƙasa, a san gudun sauti a kowane mataki na ruwan. Aiki ne mai cin lokaci, ga rana, ga matuƙi yana duban agogo. Wata rana muna aiki a bakin wani kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, na auna da sassafe na ce ya wadatar. Kafin la'asar rana ta gasa saman ruwa, teku ya janye, ruwan kogi ya malalo a kan na gishiri. Ni kuwa ina zaune ina sha'awar launukan da ke fitowa a allon kwamfuta.

Sona mai harbi da yawa tana watsa ɗaruruwan harbi a lokaci guda, a baje kamar mafici, daga ƙarƙashin jirgi zuwa dama da hagu. Na tsakiya suna sauka a miƙe, kuskurensu kaɗan ne. Na gefe suna ratsa ruwa a karkace, kuma duk inda gudun sauti ya canza sai su lanƙwasa. Da muka buɗe bayanan a ofis, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laka ta fito da gefuna a tanƙware, kowane layin da jirgi ya bi yana awo bai haɗu da maƙwabcinsa ba. Babu manhajar da za ta ƙirƙiro awon da ba a yi ba. Dole aka koma ruwa, aka sake ƙona mai. Ku yawaita zura ma'aunin nan, musamman kusa da gaɓa, kuma da zarar kun ga gefen layi ya fara ɗagawa ko faɗuwa, ku tsaya a auna.

Cikar teku da janyewarsa ma haka. Jirgi yana hawa da sauka tare da ruwa, a mashigin Fundi na Kanada bambancin yakan kai mita 16. Na taɓa haɗa bayanan sona da ke kan agogon duniya da na ma'aunin cikar teku da ke kan agogon gari. Sa'a ɗaya ce tsakaninsu, ta gurɓata komai. Ku daidaita agoguna kafin a kwance igiya daga tasha.

Wanda har yau nake jin nauyinsa shi ne na sharar bayanai. Sona tana kwaso tarkace: garken kifi, kumfar da jirgi ya tayar, amon injin. Aikinmu ne mu goge su. Da hannu ya saba, sai mutum ya fara goge duk abin da ya ɓata masa kyan taswira. Na ga wasu 'yan ɗigo (kowane ɗigo awon zurfi ɗaya ne) a tsaye cak sama da ƙasa, siriri, ba su yi kama da komai ba, na zagaye su na share. Wata babbar ma'aikaciya da ke duba aikina ta dawo da su, ta buɗe layin da ke kusa, ta nuna mini ɗigon a daidai wurin, daga wani ɓangaren, a wani lokacin daban. "Kifi ba ya jira a wuri ɗaya," in ji ta. Ƙarfen wani nutsattsen jirgi ne ya miƙo sama. Da taswirar ta fita yadda na gyara ta, da wani matuƙi ya bi ta kansa da amincewa.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A 2005 jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, San Francisco, ya yi karo da wani tsaunin cikin teku a kudu da tsibirin Guwam, tsaunin da babu shi a taswirar da suke bi, kuma mutum ɗaya ya rasu. Lokacin da gidauniyar Nippon ta Japan da GEBCO, ƙungiyar da ke haɗa taswirar zurfin tekunan duniya, suka ƙaddamar da Seabed 2030, shirin zana taswirar ƙasan teku gaba ɗaya, a 2017, kashi 6 cikin ɗari na ƙasan teku kaɗai aka auna da kyau. Yanzu an haura kashi ɗaya cikin huɗu da kaɗan. Ma'ana, a wurare da dama layin da kuka ja shi ne kaɗai awon da duniya za ta samu na shekaru masu yawa, kuma masu shimfiɗa wayar intanet, masu binciken zaizayar gaɓa da masu hasashen igiyar tsunami duk a kansa za su ɗora nasu aikin.

Don haka kada ku goge ɗigon da ba ku iya faɗin dalilin goge shi ba. Idan kuna shakka, ku roƙi a sake bi ta kan wurin daga wata kusurwa. Ku riƙa ratsa layukanku da wasu a gicciye, ku duba ko zurfin ya zo ɗaya a mahaɗarsu. Ku adana ɗanyen bayanan daban, ba tare da an taɓa su ba, sannan ku rubuta a littafin aiki lokacin da kuka auna gudun sauti, da inda kuka auna, da lokacin da ya kamata ku auna amma ba ku yi ba.