An tambayi kakata a 1961, ni ba a taɓa tambayata ba

Ranar Juma'a 5 ga Yulin 2024, ina ƙofar masallaci ina laluben takalmina, wani tsohon ɗalibina ya riƙo hannuna ya ce, "Malam, ashe an sayar da mu?" Liman ya gama huɗuba ke nan a kan yarjejeniyar Samoa, muryarsa har rawa take yi don ɓacin rai. Kwana ɗaya kafin nan wata babbar jarida ta buga cewa Najeriya ta sa hannu a wata yarjejeniya ta dala biliyan 150 da Tarayyar Turai, wai da sharaɗin mu goyi bayan 'yan luwaɗi da maɗigo. Na tsaya ina kallon yaron nan na rasa abin ce masa. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi da darasin gwamnati a sakandare, ina sauraron rediyo safe da yamma, amma sunan Samoa bai taɓa shiga kunnena ba sai a wannan makon.

Da na koma gida na sa ɗana ya sauko mini da takardar daga intanet. Shafuka ne ɗaruruwa, da irin Turancin lauyoyin nan mai sa barci. Dare huɗu na yi a kanta. Abin da na tarar shi ne yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe 27 na Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da Karibiyan da Fasifik, ita ta gaji ta Kwatano ta shekarar 2000, wadda ita kuma ta gaji ta Lome da aka fara a 1975. An buɗe sa hannu a birnin Apia na ƙasar Samoa ranar 15 ga Nuwamban 2023. Najeriya ba ta sa a ranar ba, sai 28 ga Yunin 2024 wakilinta ya sa hannu a Brussels. Ban ga kalmar luwaɗi ko auren jinsi a ciki ba. Ban ga dala biliyan 150 ba. Na ga dai wasu kalmomi masu faɗin baki a kan daidaiton jinsi da lafiyar haihuwa, irin waɗanda kowa zai iya ja su bi inda yake so, kuma na fahimci abin da ya sa malamanmu suka ɗaga murya. Dokar hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 tana nan daram. Bayan wasu watanni hukumar da ke sauraron ƙorafi kan kafafen labarai ta ce labarin ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa.

To, sai na ji wasu 'yan boko suna cewa ai ga shi nan, mutanenmu ba sa karatu, da an kaɗa musu ganga sai su hau rawa. Wannan maganar ce ta fi labarin jaridar ƙona mini rai. Su karanta me? Takardar da aka shekara da shekaru ana tattaunawa a kanta, ba a taɓa fassara ko shafi ɗaya da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ba? Takardar da za ta ɗaure ƙasa shekara 20, amma 'yan Majalisar Wakilai da kansu sai da hayaniya ta tashi sannan suka miƙe suna cewa a dakata su bincika? In wakilin da muka tura Abuja bai san abin da ke ciki ba, mai shayin bakin tasha ne zai sani? Wanda aka rufe wa ƙofa, ba a zarginsa don ya leƙa ta kafar makulli ya ga abu a karkace.

Ni mutumin Mubi ne, kuma wannan ne ya sa abin yake mini ciwo fiye da yadda yake yi wa abokan aikina. Kakata, Allah ya jiƙanta, in tana son ta burge ni sai ta ɗaga hannunta na dama ta ce, "Maigidana, ka ga hannun nan? Da shi na zaɓi Najeriya." Ina yaro na ɗauka wasan kaka da jika ne. Sai da na girma na gane gaskiya take faɗa, ba ƙari ko kaɗan.

Yankinmu na Mubi da can a cikin Kamaru yake, a hannun Jamus. Bayan yaƙin duniya na farko aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, Ingila ta ɗauki siririn yankin da ya bi kan iyaka, daga Dikwa da Gwoza, ta Mubi da Ganye, har tsaunin Mambila, ta riƙe shi amana, da farko a ƙarƙashin tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya, daga baya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Da 'yancin kan Najeriya ya matso, aka ce a tambayi mutanen wurin. A Nuwamban 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko, maza kaɗai: ku shiga Jihar Arewa idan Najeriya ta samu 'yanci, ko a jinkirta maganar zuwa gaba? Manya a Kaduna sun sakankance cewa an gama. Da aka ƙirga, 70,546 suka ce a jinkirta, 42,788 suka ce a shiga.

Wannan "a'a" ɗin ita ce darasin da na fi son koyarwa a aji. Mutanen nan ba ƙin Najeriya suke yi ba. Sun gaji ne da mulkin En'e daga Yola, da hakiman da ake turo musu, da haraji ba makaranta ba asibiti. Ba su da jarida, ba su da rediyo, sai ga akwati an ajiye musu a gaba, suka zuba kukansu a ciki. Kuma aka ji. Aka kafa kwamitin bincike, aka cire yankunan daga ƙarƙashin En'en Adamawa aka ba su nasu, aka sauke wasu hakimai. Sardauna Ahmadu Bello da kansa ya tako, ya bi garuruwa yana lallashi, ya yi alkawarin za su zama lardi mai cin gashin kansa daidai da kowane lardi a Arewa. Firimiya guda, mutumin da sarakuna ke miƙe wa tsaye, ya zo neman yardar manoman kan dutse, saboda ya san ba yadda zai yi sai da ita.

A Fabrairun 1961 aka sake, wannan karon har da mata, don Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sai kowane baligi ya jefa. Ku tuna, matan sauran Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a shekarun 1970. Kakata ta ce da goyon babana a bayanta ta bi layi, kuma tun makonni kafin ranar ake bin kasuwanni ana yi wa mutane bayanin tambayoyin biyu, Najeriya ko Kamaru, da harshen da suke ji, har sai da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san abin da za ta je yi. Mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin 1961 muka zama Lardin Sardauna, hedikwata a Mubi. 'Yan'uwanmu na kudu da su ma Ingila ke riƙe da su amana, su Bamenda da Buea, suka zaɓi Kamaru suka tafi. Har ta koma ga Allah, duk tsananin da aka shiga, ban taɓa jin kakata ta ce an cuce ta da zama 'yar Najeriya ba. Takan ce, "Ni na zaɓa, wa zan kai ƙara?"

Yanzu ku ajiye wannan kusa da abin da ya faru da mutanen Bakassi da na Darak. Ranar 1 ga Yunin 1975, Janar Gowon da shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo suka sa hannu a wata takarda a garin Marwa na Kamaru kan iyakar ruwa. Bai kai wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon. Shekaru 27 bayan haka, ranar 10 ga Oktoban 2002, Kotun Duniya ta yanke cewa Bakassi na Kamaru ne, ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Lauyoyin Najeriya sun ce takardar Marwa ba ta da ƙarfi tunda majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da ita ba. Kotu ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya wadatar. A can Tafkin Chadi kuma, masunta Hausawa da Barebari da Shuwa da suka bi ruwa lokacin da tafkin ya ja baya suka kafa Darak da ƙauyukan kewaye, sai ga shi a Disambar 2003 an miƙa ƙauyuka sama da 30 ga Kamaru bisa takardun da Ingila da Faransa suka rubuta tsakanin 1919 da 1931. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka ranar 12 ga Yunin 2006. A Nuwamban 2007 Majalisar Dattawa ta ce ba a kawo mata ba, saboda haka ba ta halasta ba. Hakan bai hana a sauke tuta ranar 14 ga Agustan 2008 ba.

Ba ina cewa a yi yaƙi da Kamaru ba ne, Allah ya kiyaye. Rabin dangina suna Garwa da Marwa, kuma zaman lafiyar da aka samu alheri ne. Abin da ke damuna shi ne Turawan mulkin mallaka, da duk zaluncinsu, sun ajiye wa kakata akwati, amma gwamnatinmu ta kanmu ba ta ajiye wa masuncin Darak ko na Bakassi ba. Ya kwana ɗan wata ƙasa, ya tashi ɗan wata.

Duk shekara ina rubuta wa ɗalibai sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 a allo, inda aka ce ikon ƙasa na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun duk ƙarfinta. Sai in rubuta sashe na 12, wanda ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Masu kaifin kai a cikinsu sukan gano ramin da kansu: sashen yana magana ne a kan kotunanmu na gida, amma a idon duniya, in wanda ke da iko ya sa hannu, alkawari ya hau kan ƙasa, kamar yadda takardar Marwa ta nuna. Ƙuri'ar raba gardama kuwa, kundin ya tanade ta wajen ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, da wajen yi wa ɗan majalisa kiranye. Ba ta cikin maganar yarjejeniya, ba ta cikin maganar ba da ƙasa. Shi kansa kundin, da ya buɗe da cewa mu jama'ar Najeriya ne muka yi shi, dokar soja ce ta gwamnatin Janar Abdulsalami ta kawo shi, ba wanda ya jefa masa ƙuri'a.

Na san akwati ma ana yi masa fashi. Maƙwabtanmu na Nijar sun gani a Agustan 2009, lokacin da Tandja Mamadou ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki ya shirya ƙuri'ar tazarce, aka ce sama da kashi 90 cikin ɗari sun yarda, wata shida bayan nan sojoji suka ɗauke shi. Kuma ba kowace yarjejeniyar jiragen sama ko ta haraji za a tara mutum miliyan ɗari a layi dominta ba. Amma akwai waɗanda suka taɓa ƙasa, ko sansanin sojan waje, ko addini da tarbiyya, ko bashin da jikoki za su biya. A 2008 mutanen Ireland, waɗanda ba su kai yawan mutanen jihar Kano ba, suka ƙi yarjejeniyar Lisbon ta Tarayyar Turai da kashi 53 cikin ɗari, Tarayyar Turai gaba ɗaya ta tsaya cik. Sai da aka rubuta musu tabbaci kan harajinsu da dokarsu ta zubar da ciki da 'yan-ba-ruwanmu ɗinsu a harkar soja, sannan suka yarda a 2009 da kashi 67. Abin da ya faru a Mubi tsakanin 1959 da 1961 ke nan, sak. Su Turawan da muka yi Samoa da su sun san wannan hanyar sarai a gidajensu.

Ko ba a kai ga akwati ba, me zai hana a ce duk yarjejeniya sai an ajiye ta gaban majalisa wata uku kafin sa hannu, a fassara gundarinta da manyan harsunanmu, a karanta a rediyo, minista ya zauna a buɗe layi mutane su kira su tambaye shi? Da an yi wa Samoa haka, da limaminmu ya hau mumbari da takarda a hannu, da labarin jaridar nan bai kwana ba. Maimakon haka sai da wuta ta kama sannan ministoci suka fito suna rantsuwa, ga mutanen da aka ce musu cire tallafin mai zai kawo sauƙi, suka ga litar fetur ta ninka sau uku.

Bayan mako biyu na sake haɗuwa da ɗalibin nan nawa a kasuwa, yana shagon ɗinkinsa. Na zauna a benci na ba shi labarin duk abin da na karanta, na ce masa ban ga abin da ake faɗa a ciki ba. Ya saurare ni har na gama, ƙafarsa a kan keken ɗinki ba ya takawa. Sannan ya ce, "Malam, ku na yarda da ku, don kun karanta kuma ba ku taɓa yi mini ƙarya ba. Amma in babu komai a ciki, me ya sa ba su gaya mana ba tun kafin su sa hannu?"