Yadda na rufe ƙofofin sabar da na gada, da aikin da Docker ya ba ni

Sabar Ubuntu aka damƙa min, wato kwamfutar da ke ba wasu na'urori hidima ta intanet, wanda ya riƙe ta kafin ni ya bar abubuwa birjik suna gudana. Kafin in taɓa komai na buga ss -tulpn in ga wace manhaja ke sauraro a wace ƙofa (port, lambar da ake bi a iso manhaja ta hanyar sadarwa). SSH da ake shiga sabar daga nesa da shi na kan 22, Nginx mai hidimar shafukan yanar gizo na kan 80 da 443, waɗannan dole ne. Amma ga MySQL, manhajar rumbun bayanai, a 3306 zaune kan 0.0.0.0, wato kowa a intanet zai iya ƙwanƙwasa mata, ga kuma rpcbind a 111 alhali ko NFS, tsarin raba fayiloli da ke buƙatarsa, ba ma amfani da shi.

MySQL ba ta ba ni wuya ba, bind-address na mayar 127.0.0.1, adireshin da sai daga cikin sabar ake iya isa gare shi, na sake tada ta, shikenan. rpcbind ne mai taurin kai, na yi systemctl stop ya tsaya, can anjima sai ga shi ya dawo, ashe rpcbind.socket ne ke riƙe da ƙofar yana tada shi da zarar wani ya nema. Stop na yanzu-yanzu ne kawai, disable kuma hana shi tashi ne lokacin da aka kunna na'ura, in kana so ya kwanta gaba ɗaya sai ka tsayar da rpcbind da rpcbind.socket ka yi musu mask, wanda ke hana komai tada su.

Sai fayawol, wato katangar da ke tace masu shigowa, wadda ake sarrafawa da ufw a Ubuntu. Don Allah ka buɗe 22 kafin ka buga ufw enable, ka kuma bar taga ɗaya ta SSH a buɗe ka gwada shiga da wata, in ba haka ba kai da kanka za ka kulle a waje.

Inda abun ya ɗaure min kai shi ne da na koma wata kwamfuta na haska sabar da nmap, manhajar da ke gano ƙofofin da ke buɗe. Ƙofar 6379 ta Redis, wani rumbun bayanan, a buɗe wallahi, bayan ufw status bai nuna ta ba ko kaɗan. Redis ɗin a kwantena yake, wato keɓaɓɓen akwatin da Docker ke gudanar da manhaja a ciki, da -p 6379:6379, kuma Docker shi ke rubuta nasa dokokin a iptables, tsarin da ufw ma ke aiki a kansa, yana karkatar da zirga-zirgar tun a teburin nat kafin ta iso inda ufw ke tsaro. Na mayar da shi 127.0.0.1:6379:6379 na sake haskawa, ta rufe. Tun daga nan ba na yarda da abun da ufw status ya nuna sai na duba daga waje, kuma ina haɗawa da nmap -6 tunda sabar na da adireshin IPv6.