Godiya ga waɗanda suka tsaya mana ranar nunin macizai

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya, mu da macizanmu uku, babu wanda ko ƙwarzane ya samu. Na yi jinkirin rubuta wannan godiya ne har sai da muryata ta dawo, na kuma ga dabbobin sun huce gajiya, domin a irin wannan fita su ne ke ɗaukar nauyin da ya fi namu.

Zan fara da masu ɗakin taro. Ba kowa ne za ka ce za ka shigo masa da mesa ya miƙa maka mabuɗi ba. Wurare biyu sun ce mu yi haƙuri kafin nan, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗannan kuwa sun saurare mu har ƙarshe, suka ce a kawo akwatunan su ga makullansu da idonsu, suka tabbatar babu mai dafi ko ɗaya: ƙananan mesa biyu irin masu dunƙulewa, da ɗan maciji mai launin ja da ruwan goro wanda asalinsa na kudu maso gabashin Amurka ne. Suka ba mu 16 ga Yuli, ranar macizai ta duniya, kamar yadda muka roƙa. Allah Ya saka da alheri.

Sai 'yan sa kai, ƙannena, da suka wuni a tsaye. Aikinku ba ya fitowa a hoto, amma ba don ku ba da taron ya watse tun hantsi. Ku kuka jera yara a layi, kuna maimaita doka ɗaya har baki ya bushe: yatsa biyu, daga tsakiyar jiki zuwa wutsiya, kada a kai hannu wajen kai. Ku kuka tsare bokitin ruwa da sabulu, kuka hana kowa fita sai ya wanke hannu. Wasu iyaye sun ɗauka tsanani ne. Dabbobi masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar salmonela a jikinsu alhali su lafiyarsu lau, ita kuwa tana sa zazzaɓi da gudawa, musamman ga ƙananan yara. Shi ya sa ma muka ce 'yan ƙasa da shekara 5 su kalla kawai.

Akwai wata dattijuwa da nake so saƙon nan ya isa gare ta, ko ta bakin jikokinta ne. Ta rako su, ta toge a bakin ƙofa, mayafinta a kan hanci. Ta fi rabin awa a nan. Da layi ya ragu sai ta matso taku biyu, ta nuna mesar da ke hannuna ta ce, "Ɗana, wannan harshen da take ta fitarwa, da shi take harbi?" Na ce a'a Mama, shaƙa take yi. Harshen yana ɗebo ƙamshin da ke cikin iska, ya kai shi wasu 'yan ramuka biyu a rufin bakinta, ta haka take gane wanda ke gabanta. Na nuna mata ƙananan ramukan da ke jere a leɓen sama, waɗanda mesa ke jin ɗumin ɓera da su a cikin duhu. Ta ce to me ya sa take zura mata ido ko ƙiftawa babu? Na ce ai maciji ba shi da fatar ido, wani siririn ɓawo ne mai haske ya rufe idon, ko barci yake yi haka za ki gan shi.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo yatsa biyu suna rawa, ta shafa, ta janye da sauri, ta dubi yatsun. "Ashe a bushe take," in ji ta. Ta sake shafawa, a hankali wannan karon. A nan ne ta gaya mini cewa tana yarinya maciji ya sari yayanta a gona, kuma bai kwana ba. Na rasa abin faɗa. Mama, kin zo da tsoron da yake da dalili, kika tsaya kika saurare ni duk da haka. Na gode, Allah Ya jiƙan yayanki.

Yanzu sai ban haƙuri. Bayan azahar jama'a sun ninka, hayaniya ta yi yawa, yara suka fara buga gilashin akwati da tafin hannu. Maciji ba shi da kunne a waje, amma jijjiga tana shiga masa ta ƙashin muƙamuƙi, bugun nan kuwa a jikinsa yake sauka. Ƙaramar mesar ta cusa kanta tsakiyar jikinta, ta dunƙule tamau kamar ƙwallo. Mutane suka yi ta tafi, sun ɗauka wasa take yi. Tsoro ne. Haka irinta ke yi idan ta ga babu mafita, daga nan ma sunanta na Turanci, ball python, wato mesa mai kama da ƙwallo, ya samo asali. Na mayar da ita jaka, na rufe akwatin, na ce ta gama na yau. Na ga fuskokin da suka ɓaci, na ji wanda ya ce ya daɗe a layi a banza. Ku gafarce ni. Babbar kuma tun safe ban fito da ita ba, saboda idonta ya yi fari-fari kamar madara, alamar saɓa ta kusa, a lokacin ba ta gani sosai kuma ba ta son taɓi. Kuskurena shi ne ban raba mutane rukuni-rukuni ba tun farko, kuma na ɗauki wannan a wuyana.

Abin da ya fi girgiza ni a ranar, wani yaro ne mai kamar shekara goma. Ya shafa macijin ja, ya juya wajen abokinsa yana murna ya ce, "Akwai irinsa a bayan gidanmu, gobe zan kamo nawa." Gabana ya faɗi. Idan abin da yaro ya tafi da shi ke nan, gara ma ban zo ba. Na tsayar da komai, na tara su na ce: waɗannan a hannun mutane aka ƙyanƙyashe su, an san irinsu, an san ba su da dafi. Nau'in macizai a duniya sun kai kusan 4,000, masu dafi a ciki kusan 600 ne, amma kasa da kububuwa da kumurci suna cikinsu, kuma ko ni da nake kiwon macizai ba na kai hannu ga wanda na gani a waje. Ka gan shi, ja da baya, ba shi hanya, kira babba. Sara da yawa na faruwa ne lokacin da aka taka shi, ko aka je kama shi ko kashe shi.

A nan ne ma'aikaciyar jinya da ta amsa gayyatarmu ta karɓi magana, kuma godiyata gare ta ba ta misaltuwa. Ta kawo ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya: maciji na saran mutum kusan miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna rasuwa, waɗanda ke rasa gaɓa ko su nakasa sun ninka haka kusan sau uku. A 2017 hukumar ta sa dafin maciji a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Daga nan ta kira yaron nan, ta zaunar da shi, ta gwada a ƙafarsa. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kada ya yi gudu, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi ba tare da tsayawa ko'ina ba. Idan kumurci ne ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti. Ɗakin ya yi tsit. Na ga iyaye suna rubutawa a waya, yaron kuma da zai tafi ya zo ya ce mini ya fasa.

Ina godiya ga malaman da suka kawo ɗalibansu suka kuma tsare su, da direban da ya yarda ya ɗauke mu bayan ya san abin da ke cikin akwatunan, ya tuƙa a hankali, ya nemi inuwa ya tsaya don kada zafi ya yi musu illa, tun da su ba sa iya daidaita ɗumin jikinsu da kansu. Da iyalina, masu haƙuri da ni da wannan kiwo shekara da shekaru.

Ga masu tambayar lafiyar ƙaramar mesar: ta warware a daren, ta sha ruwa, tana zagaya akwatinta kamar kullum. Babbar kuma ta yi saɓa jiya da dare, ta fito da ita ɗungurungum daga leɓe har wutsiya, har da ɓawon idanun biyu. Na shanya saɓar, na ajiye. A fita ta gaba, in Allah Ya yarda, ita za mu fara miƙa wa duk wanda ya toge a bakin ƙofa.