Bayan Mutuwar Duna Na Fara Karɓar Karnukan Da Aka Yasar

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gudanar da ƙaramin wurin kiwo da horar da karnukan gadi a bayan garin Jos, ni da yara biyu da nake biya albashi. Muna koya wa kare ya san ubangidansa, ya tsare gida ko gona ko garke, muna kuma ajiye wa mutane karnukansu idan za su yi doguwar tafiya, musamman lokacin aikin Hajji da hutun ƙarshen shekara. A shekarun farko ban taɓa yarda in karɓi karen da aka yasar ba, domin a lissafin ɗan kasuwa asara ce tsagwaronta: ba a san inda ya fito ba, ba a san ko an taɓa yi masa rigakafi ba, kuma yana iya shigo da cutar da za ta kwantar da duk abin da ke cikin kejin.

Mutuwar Duna ce ta sauya mini wannan lissafi. Baƙin kare ne ɗan gida, da shi na fara sana'ar, kuma shi ne yake nuna wa sababbin karnuka natsuwa tun kafin in buɗe baki. A daminar 2021 kaska ta yi yawa, sai na lura ya rage cin abinci, amma na ɗauka gajiya ce na bar shi har kwana uku. Ranar da na ɗaga leɓensa na ga dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa kuma ya yi duhu kamar baƙin shayi, gabana ya faɗi. Likitan dabbobi ya shaida mini cewa cutar da kaska ke sanyawa cikin jini ce, wadda take farfasa jajayen ƙwayoyinsa, kuma da na kawo shi da wuri da an yi nasara. Bai kai asuba ba. Wannan jinkiri nawa ne, kuma har yau duk karen da ya tsallake abinci sau biyu sai na duba dasashinsa da hannuna.

Wata biyar bayan haka wani mai gadi ya same ni ya ce, "Maigida, akwai wata karya da 'yan haya suka tashi suka bari ɗaure a bayan gida, ka taimaka saboda Allah." Na iske ta ana ƙirga haƙarƙarinta, ƙazwa ta cinye gashin bayanta, igiya ta yanka wuyanta har ya fara ruwa. Yarana suka sa mata suna Tsintuwa.

Tausayi ba ya hana bin ƙa'ida, don haka sai da ta yi mako biyu a keɓe, da kwanonta daban, ana lura da yanayinta, kafin a ba ta maganin tsutsar ciki, a yi mata wankan kaska, sannan allurar rigakafin ciwon hauka da ta sauran cututtuka. Mu da ke Filato mun yi sa'a, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, kuma tana haɗa allurar haukan kare. Ba na wasa da wannan ciwo, saboda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, ceto ya yi wuya ƙwarai. Dokar wurina ita ce duk wanda aka ciza ya wanke gurbin da sabulu da ruwa na minti goma sha biyar, ya wuce asibiti nan take.

Jinyar jikinta ba ta ba ni wahala kamar samun amincewarta ba, kuma a nan ma na yi kuskure. Na riƙa yi mata fito irin wanda nake yi wa Duna, ina jiran ta rugo, ita kuwa sai ta shige lungu tana rawar jiki. Idan an ɗaga tsintsiya za a yi shara, sai ta kwanta ta saki fitsari, abin da ya nuna mini irin rayuwar da ta yi. Daga baya na gane cewa Duna nake nema a jikinta, alhali ita ba ta san shi ba. Sai na koma zama kusa da kejinta kowace rana bayan La'asar, na ba ta gefe, ba na kallon idonta, na ajiye tuwon masara da kan kifi a tsakaninmu, in yi shiru. A mako na biyar ta fito da kanta, ta shinshina gefen wandona, ta ɗora haɓarta a kan takalmina. Na kasa motsi har aka kira Magariba.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abinci ya yi tsada, karnukan da ake yasarwa sun ƙaru, har da manyan irin waje da aka saya don ado aka kasa ciyarwa. Ba na riƙe fiye da huɗu a lokaci guda, domin kuɗin horo da na ajiya ne suke ɗaukar nauyinsu. Wasu abokai kan ce me ya haɗa ni da wannan wahala, ni kuwa nakan tuna musu cewa malamanmu sun halatta karen gadi da na farauta da na kiwo, kuma kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Kwanakin baya wata dattijuwa ta zo, karen da ya tsare gidanta shekara goma ya mutu, tana neman mai kama da shi sak. Na ce mata, "Hajiya, mai kamarsa a launi zan iya samo miki, amma halinsa ya tafi da shi." Na nuna mata wani jan kare mai tabo a kunne, na sharɗanta mata ta riƙa zuwa tana ciyar da shi da hannunta har sau shida kafin ta ɗauke shi, kuma idan zaman bai yiwu ba ta dawo mini da shi, kada ta sake shi a titi. Ta zo sau huɗu ke nan, kuma jiya ya tashi tsaye tun da ya ji muryarta daga bakin ƙofa.