Gida biyu bai hana gobara ba

Da malamarmu ta darasin tafiyar da hukumomin gwamnati ta raba mana aikin zango, kowa an ba shi hukuma ɗaya ya bi diddigin dokar da ta kafa ta. Wani ya samu gidajen yari, wata ta samu hukumar lafiya. Ni kuwa sai aka miƙo mini kwalejin horar da 'yan kwana-kwana ta jihar Alabama a Amurka, wadda ke nan garin Tuscaloosa inda nake karatu. Raina bai so ba. Gani nake an ba wasu tsoka, ni an bar ni da ƙashi.

Na fara da zuwa ganin wurin. Kwalejin tana maƙwabtaka da Shelton State, ɗaya daga kwalejojin jihar masu karatun shekara biyu. Zafi ake yi mai ɗauke da laima, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya, amma ga samari da 'yan mata cikin kaya masu kauri, hular kwano a ka, tukunyar iska goye a baya, suna jan tiyo zuwa saman wani bene da aka gina musamman don a riƙa cinna masa wuta. Wani ya sauko ya cire takunkumin fuska, gumi na zuba kamar an kwara masa bokiti, ya zauna a ƙasa yana haki, malaminsu ya duba agogo ya ce a sake. Abin ya burge ni, kuma burgewar ce ta ɓatar da ni.

Na koma na rubuta shafi goma a kan horo: abin da ake koyarwa, jarabawa, da takardar shaidar da doka ta wajabta wa ma'aikaci. Sashen dokar da ya yi maganar mambobin hukuma da wanda ke naɗa su kuwa, tsallake shi na yi, don na ɗauka ƙa'idar ofis ce kawai. Takardata ta dawo da layi ɗaya da jan biro: wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, kuma wa ke da ikon korarsa?

Ba ni da amsa. Neman amsar ne ya kai ni ga tsofaffin jaridu.

A 2006 jaridar Birmingham News ta fara tona asirin yadda ake cin amana a kwalejojin jihar na shekara biyu, aikin da ya sa wakilinta Brett Blackledge ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida a 2007. Kwalejin 'yan kwana-kwana tana tsakiyar badaƙalar. Shugaban dukkan kwalejojin, Roy Johnson, wanda tsohon ɗan majalisar jiha ne, ya rasa kujerarsa a 2006, daga baya ya amsa laifinsa a kotun tarayya aka ɗaure shi. Daraktan kwalejin, W.L. Langston, shi ma an same shi da laifi ya tafi gidan yari. An ba dangin manya aiki da kwangila, kuɗin da ya kamata su shiga horo suka bi wata hanya.

Abin da ya tsaya mini a rai ba satar ba ce, ɓarawo ai ko'ina akwai shi. Ƙofar da ya bi ya shiga ita ce abin dubawa. A lokacin, kwalejin tana da iyayen gida biyu. A gefe ɗaya akwai hukumar da doka ta ɗora wa tsara ƙa'idojin aikin 'yan kwana-kwana da ba su shaida, wadda wakilan ƙungiyoyinsu ke zama a kujerunta. A ɗaya gefen kuma tana jingine da tsarin kwalejojin shekara biyu ta fuskar gudanarwa. Sannan ga wata gidauniya mai zaman kanta da aka kafa da sunan tallafa wa kwalejin, wadda ba ta cikin asusun gwamnati. Mu Hausawa mukan ce gida biyu maganin gobara. A nan kam gida biyun ne ya ba wuta wurin ci, domin kowane gida na iya zaton ɗayan ne ke gadi, darakta kuwa yana tsaye a soro tsakaninsu da makullai a aljihu.

Har a gaban alƙalai wannan ruɗani bai bar shari'ar ba. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Atlanta ta tabbatar da wasu laifukan Langston, ta soke wasu, saboda masu gabatar da ƙara ba su nuna cewa shi wakilin jihar ne ba, kamar yadda suka tuhume shi a waɗannan laifukan. Na karanta wurin sau uku. Mutum na shugabantar makarantar da kowa ke kira ta jiha, amma a ce sai an yi muhawara a kan ko yaron wane ne! Tun daga ranar, duk dokar kafa hukuma da ta shigo hannuna, daga sashen naɗi da na kuɗi nake farawa. Manufofi masu daɗin ji na shafin farko sai na gama nake komawa kansu.

Akwai kuma ra'ayin da na sauya. Da ina ganin in aka cika hukuma da 'yan sana'a, magana ta ƙare, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne a fagen horo, musamman a Amurka inda kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, manomi da makanike da malamin makaranta, waɗanda sai nasu ne zai san horon da za su iya ɗauka bayan tashi daga aiki. Amma sanin wuta daban, sanin littafin kuɗi daban. Gwanin da zai hango rufin da ke shirin ruftawa yana iya sa hannu a rahoton kuɗin shekara bai ga ramin da ke ciki ba. Mai binciken kuɗi dole ya zo daga waje, kuma hannunsa ya kai har cikin gidauniya.

Gyaran da jihar ta yi ya zo ne guntu-guntu. A 2007 aka kafa ƙa'idar hana 'yan majalisa riƙe aiki a kwalejojin da su ne ke ware wa kasafi, a 2010 majalisa ta yi dokar da ta faɗaɗa hanin, a 2015 kuma aka cire kwalejojin daga hannun hukumar ilimi ta jiha aka ba su kwamitin amintattu nasu.

Da na gama rubutu na biyu, na buga wa Baffana waya, shi da ya yi shekaru a aikin kwana-kwana kafin ya yi ritaya. Na kwashe labarin duka na ba shi, har da na benen da ake ƙonawa da gangan. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "To ɗana, na ji ta kuɗi. Amma ranar da suka fita aiki, akwai ruwa a motar?"

Na ce, "Akwai, Baffa. Famfo ma a bakin titi yake, tiyo kawai za su jona."

Ya ce, "Ikon Allah. Kuma duk da haka sai da aka ci kuɗinsu?"