Yadda na shigar da ƴan fashin teku ajin Ingilishi a Maradi

Ina koyar da Ingilishi a wata koleji a Maradi, inda harshen yake zuwa wa yaro na uku, bayan Hausar gida da Faransancin lakwal. Ɗalibaina na aji biyu, su 68, suna iya rera sauye-sauyen aikatau kamar karatun allo, amma da zarar na tambaye su dalilin wani abu sai ajin ya yi tsit. Abin yana damuna, domin da yawansu ƴaƴan ƴan kasuwa ne masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, kuma Ingilishin da zai amfane su can shi ne wanda ake yin ciniki da gardama da shi.

Sai na yanka kwali, na zana mutum huɗu na jirgin ƴan fashin teku: kyaftin, mai rabon ganima, mai dafa abinci, da yaron da ke hawa sama yana hangen jiragen da ke tafe. Babu ko ɗaya cikin yaran da ya taɓa ganin teku, domin ruwan da suka sani bai wuce Gulbin Maradi da damina ba, sai tafkin Madarumfa. Na fara da tuna musu cewa kaya da yawa da ke kasuwarmu jirgin ruwa ne ya sauke su a bakin teku kafin manyan motoci su kawo su.

Darasin da ya fara buɗe bakinsu shi ne na rabo. Na zuba ƙwayar gyaɗa 30 a kan tebur, na ce ganima ce, na kuma faɗa musu dokar jirgin Bartholomew Roberts, wanda ya yi fashi a gaɓar Afirka ta Yamma, inda kowane mutum yake da ƙuri'a, kyaftin da mai rabo kuma suke ɗaukar kaso biyu-biyu. Sharaɗina ɗaya ne, wato duk mai magana sai ya sa kalmar "because" a jimlarsa. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta miƙe ta ce mai dafa abinci ya cancanci kaso mafi girma, domin idan ya ƙi hura wuta kyaftin ma da yunwa zai kwana. Ingilishinta ya karye a wuri biyu, amma hujjarta ta tsaya, kuma ban gyara mata ba sai bayan ta gama.

A mako na uku ne na gane kuskurena. Yara maza sun fara rububin zama kyaftin, suna ɗaura ƙyalle a ido ɗaya, suna ɗaukarsa gwarzo. Wani yaro da iyayensa suka baro ƙauyensu na wajen Madarumfa bayan ƴan bindiga sun kore musu shanu ya daina ɗaga hannu gaba ɗaya. Da aka tashi ya tsaya kusa da teburina, ya ce da Hausa: "Malam, gyaɗar nan da muke rabawa, ta wane ne kafin su ƙwace ta?" Makonni uku muna gardama a kan adalcin rabo, ni da nake cewa ina koyar da tunani ban taɓa yin wannan tambayar ba.

Na koma na kawo musu sauran tarihin. A watan Janairu na 1722, a tashar Wida da ke ƙasar Benin ta yau, mutanen Roberts sun cinna wa wani jirgin bayi wuta da mutane ɗaure da sarƙa a ciki, saboda kyaftin ɗinsa ya ƙi biyan kuɗin fansa. A watan Fabrairu sojojin ruwan Ingila suka kashe Roberts a gaɓar Gabon, aka kuma rataye 52 cikin mutanensa a Cape Coast da ke Gana. Daga nan na ƙara kwali biyu, ɗan kasuwar da aka wawashe da mutumin da ke cikin sarƙa, na mayar da ajin kotu.

Nan ne Ingilishin ya zauna sosai. Mai ba da shaida dole ya yi magana a kan abin da ya wuce, alƙali kuma ba shi da abin yi sai tambaya: wa ka gani, yaushe, a ina? Yaran suka koyi raba abin da shaida ya gani da idonsa da abin da aka faɗa masa, suna ƙin karɓar na biyun. Yaron Madarumfa ya zaɓi zama lauyan ɗan kasuwa, kuma shi ne ya rubuta tambayoyi mafi tsawo.

Hanyar tana da tsada ta wajen lokaci, domin kotu ɗaya tana cinye awa guda, hayaniyarta kuma takan kai ajin da ke maƙwabtaka da mu. Masu rauni sukan ɓuya a bayan masu baki, don haka yanzu ina raba su rukuni-rukuni na mutum shida, kowa da kwalinsa, kuma kowa sai ya rubuta jimla uku a littafinsa kafin ya fita. Kwalin ɗan kasuwar da aka wawashe shi nake fara miƙawa a ranar farko.