Dankalin da zai ruɓe a sito, tun daga gona yake ɗauko ciwonsa

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wani ƙorafi da na gaji da ji a bakin masu noman dankali, dankalin Hausa mai zaƙi nake nufi ba na Turawa ba, wai shi dankali baya ajiyuwa, sati biyu uku ya fara yaushi ya ruɓe, sai a ɗora laifin akan ɗakin ajiya ko ace zafi ne. Zafi yana da nasa laifin ban musa ba, amma ni a ganina yawancin dankalin dake lalacewa a sito da ciwonsa ya shigo. Sito ba asibiti bane, abinda ka kawo masa shi zai riƙe maka, in ma ya riƙe ɗin.

Abinda mutane ke mantawa shine dankalin nan da ka tono da ransa fa, yana numfashi, yana fitar da ruwa da zafi a hankali, ga fatarsa siririya da ko farce kasa sai ta saɓule. Duk inda ya ƙuje ko fartanya ta sare shi, nan ruwan jikinsa zai riƙa tsiyayewa, kuma nan fumfuna zata samu ƙofa. Akwai wata da masana ke kira Rhizopus, irin wadda ke fitowa a jikin burodi in ya kwana biyu, bata iya shiga lafiyayyar fata sai ta rauni, amma in ta shiga cikin ƴan kwanaki zaka ga dankalin yayi luguf yana ruwa, na kusa dashi ma su kama.

To bari mu koma gona, don can ne babbar ɓarnar take. Ƙwaron dankali, wani ɗan siriri mai kama da tururuwa, Cylas ake ce masa, shine babban abokin gaba. Shi baya iya tona ƙasa ya nutsa, jira yake ƙasa ta bushe ta tsattsage a jikin kunya sai ya bi ta tsagar ya sauka ya saka ƙwai a jikin dankalin. Kai kuma ka tono kaga dankali sumul, iyaka wasu ƴan ɗigo baƙaƙe da baka ma kula ba, ka zuba a sito, tsutsar na ciki tana ta cin abinta tana yin hanyoyi, ta zama ƙwaro ta fito ta bi sauran. Kuma abin haushin ko kaɗan ta taɓa, dankalin kansa yana fitar da wani sinadari na kare kai mai ɗaci da wari, shine kake dafawa kaji ɗaci ya game ko'ina har inda tsutsar bata kai ba. Maganin bashi da wuya amma yana son aiki: a riƙa jan ƙasa ana rufe gindin ana toshe tsagar nan musamman in ruwa ya fara ja da baya, kuma kar a bar dankali ya daɗe a ƙasa bayan ya ƙosa. Yawancin iri wata 3 zuwa 5 sun isa tono. Masu cewa bari in barshi a ƙasa ai ƙasa ce sito, wallahi ƙwaro suke yiwa kiwo in rani ya shigo.

Ruwa ma haka. In gona ta kwanta cikin ruwa kwanaki kafin tono, dankalin yana rasa iska a ƙasa, ya fara tsami daga ciki, irinsa ko me ka masa baya ajiyuwa, gara a rabu dashi da wuri. In kuma aka yi fari sannan ruwa ya zubo gaba ɗaya sai ya kumbura ya dare. Taki kuwa, a rage zuba yuriya barkatai, ganye kawai zaka samu yayi shar kana murna, dankali fotash yafi buƙata. Sai maganar iri: baƙar ruɓar nan mai yin tabo zagaye a jiki, sau da yawa a jikin yaɗon da aka dasa take zuwa ko tana kwance a ƙasar gonar, shi yasa maimaita dankali a fili ɗaya duk shekara ba dabara bace.

Ranar tono kuma ita ce ranar da ake yin aika-aika. Wata dabara mai sauƙi da ba kowa ke yi ba, a yanke ganyen kwana 7 zuwa 14 kafin a tona, fatar tana ƙara kauri ta manne tun yana ƙasa, sai kaga ƙujewar ta ragu sosai. Bayan an tono kar a shanya shi a rana tsaka awa da awanni, yana ƙonewa ko da ido bai gani ba a lokacin. Kar a wanke wanda za'a ajiye, a kakkaɓe ƙasar kawai. Sannan wannan ɗabi'ar ta cusa shi a buhu har wuya a ɗinke, a wurga a mota, wani ma ya hau kai ya zauna, gaskiya ita kaɗai ta isa ta kashe rabin aikin shekara. Kiret ko kwando yafi, ko da zai ci wuri.

Yanzu ga inda nafi so a tsaya a fahimta. Dankali yana iya warkar da raunin jikinsa da kansa in aka bashi yanayi, sabuwar fata yake yi a ƙarƙashin ciwon ta toshe shi. Yanayin shine ɗumi wajen digiri 29 zuwa 30 da iska mai laima sosai, kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari ko sama, na kwana 4 zuwa 7, kuma a fara tun ranar da aka tono ba sai fumfuna ta riga ta shiga ba. A wurare masu zafi ɗumin kyauta ne, laimar ce ake rasawa, don haka tara shi a inuwa a lulluɓe da ciyawa ko buhun algarara yana taimakawa, amma kar a ƙunshe shi ruf a leda, numfashi yake, gumi zai kwanta masa ya ruɓe. Mutane da yawa suna ɗauka busar dashi ake so, a'a, in iska ta bushe da yawa raunin bushewa kawai yake ya tsage bai warke ba. Ƙarin riba, a wannan lokacin sitacin ciki yana fara juyewa sukari, shi yasa wanda ya huta yafi sabon tono zaƙi.

Bayan nan sai sanyi daidai misali, digiri 13 zuwa 15. A jihar North Carolina, wadda tafi kowace jiha noman dankali a Amurka, da wannan tsarin suke ajiye shi watanni da yawa suna fitarwa kaɗan kaɗan. In yafi haka ɗumi zai fara tsiro yana rage nauyi, in kuma yayi ƙasa da 12 sanyi ya kama shi, cikinsa yayi duhu ko yayi wani tauri da ko an dafa baya laushi, don haka firji ba wurin dankali bane sam. Wanda bashi da ɗakin sanyi, akwai ajiya cikin busasshen yashi, a jera dankali a rufe a sake jerawa, cibiyar binciken dankali ta duniya CIP dake Lima a ƙasar Peru tana koyar da irin wannan musamman don adana na iri har damina ta zagayo. Sharaɗin dai a zaɓi lafiyayyu zalla marasa huji ko sara, yashin ya bushe kuma ya huce kafin a zuba, sannan a riƙa buɗewa lokaci lokaci ana tsince duk wanda ya fara laushi.